Garba Mita da Almakashina

Ku da kunka san Garba Mita a kasuwar Gummi, kun san ba ya taɓa rediyo sai ya gaisa da mitarsa. Zai buɗe akwatin katako, ya goge gilashin da hannun riga, ya haɗa bakin jar waya da baƙa, ya yi ta murza wani ɗan maɓalli har allura ta zauna daidai kan sifiri. Ko gobara ake yi, sai allura ta zauna. Ni tela ne, shekara goma sha ɗaya muna rumfa guda, wallahi na gaji da kallon allurar nan fiye da tawa.

Abin da ba ku sani ba, kunnen Garba ya fara mutuwa tun lokacin da kaset ya shigo gari. Ni kaɗai na gane. Wa zai kai rediyonsa wurin kurma? Ga 'ya'ya bakwai, ga Innarsa tsohuwa a gida. Shi ya sa ya ƙirƙiro maganarsa: "Kunne maƙaryaci ne, mita ba ta ƙarya."

Wata ranar kasuwa wani Bafillace ya zo daga wajen Bukkuyum da rediyo cikin zane. Ya ce, "Sannu Malam, ya iyali?"

Garba ya ce, "Batir ne."

Mutumin ya dube ni. Na ce, "Haka yake gaisuwa." Anka yi sa'a guda ana gwaji, jar waya nan, baƙa can, Bafillace har ya yi gyangyaɗi. Ashe batir ɗin ne kuwa, an sa shi a juye. Garba ya dube ni ya ce, "Ka gani? Tun bai zauna ba ni faɗi."

Sai zamanin siyasa, wani mai shela daga Anka ya kawo amfilifaya da lasifika, yana son a ji shi har bakin gulbi. Garba ya jona mita, ya ce wa mai shela ya yi magana. Allura ta yi tsalle ta dawo. Ya ce ya ƙara. Ta ƙara nisa. Sai ya tsinke jan zarena, ko tambaya babu, ya manna a gilashi.

"Nan ne iyakarka. In allura ta wuce zaren ga, lasifika ta ƙone."

"Haba Malam, murya tawa, kai ka yanka mini iyaka?"

Ya cika ƙirji ya kwarara kirari. Allura ta tsallake zare, lasifika ta yi tari, hayaƙi ya tashi. Garba ya rufe akwatinsa a hankali ya ce, "Ni dai ban ji komai ba." Mutane sunka fashe da dariya. Ni kaɗai na san gaskiya ya faɗa.

Matsalar ita ce mita tana nuna ƙarfi, ba ta nuna daɗin murya. Rediyo na iya shashshaka kamar mai mura, allura na rawarta lafiya lau. To nan aikina ya shigo. Ba mu taɓa shirya shi da baki ba. In ya gama gyara ya kunna, sai ya saci kallona. In murya ta fita tas, in ɗaga almakashi. In da saura, in ci gaba da taka keke. Shekara da shekaru ina ɗaga almakashi, har na taɓa yanke hannun rigar wani ango saboda hankalina na kan rediyon wani. Godiya fa? Sai ya buga akwati ya ce wa mai kaya, "Mita ta ce ya gyaru."

Kai, Garba! Ranar nan na ce masa, "Ni ne mitar, ko?" Ya ce, "Ƙarfe biyu saura."

Da abin ya yi nisa, ya daina jin ko kiran salla. Da kansa ya gyara lasifikar masallacin kasuwa, ya jawo siririyar waya ta bayan rumfuna har cikin mitarsa. Ladan na cewa Allahu Akbar, allura ta zabura. Sai Garba ya riga kowa ɗaukar buta, ya tsaya kaina.

"Tashi, kurma! Ba ka ji kira ba?"

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi, da damina. Innarsa ta aiko mini da akwatin, ta ce shi ya ce a ba ni. Da na buɗe, jan zarena na nan manne. Na mayar da wayar masallaci inda take, ban ma san dalili ba. Da azahar ladan ya yi kira, muryar ta fita tas, allura ta zabura. Sai na ga hannuna a sama riƙe da almakashi, ba mai kallo.

Allah ya jiƙan Garba, ya rufa masa asiri can kamar yadda ya rufa masa nan. Allah ya buɗe masa kunnuwan nan, ya ji sallamar mala'iku da kansa, ba sai ya waiwayo ni ba.