Haƙorin da Kakata Ta Gani a Radiyo

Shekaranjiya da hantsi na fito shan iska a bayan ɗakin da nake aiki, sai ga wani jan gwada a kan katanga yana gyaɗa mini kai. Ban san lokacin da na kai tafin hannu na rufe bakina ba. Mace mai shekaru talatin da ɗoriya, mai taimakon lokotoron haƙori a Damagaram, tana ɓoye wa ƙadangare bakinta. Kada ka yi mini dariya, mai karatu, bari in gaya maka dalili.

A wani ƙaramin ƙauye na tashi, gabas da Dogo-Dogo, a hannun kakata ta wajen uba. Babana ya rasu ina goye, innata kuma ta sake aure a ƙetaren iyaka, sai saƙon gaisuwa ranar kasuwa. Mu biyu ne a gidan, da akuya ɗaya da itacen kurna. A garinmu duk yaro ya san doka: in haƙorinka ya faɗi, ka jefa shi bisa rufin ɗaki, ka kuma tsare bakinka, domin in ƙadangare ya ga giɓin, sabo ba zai fito ba har abada.

Nawa na gaba, na sama, ya faɗi ne a farkon damina, ina da shekara bakwai. Washegari kakata ta zaunar da ni gindin rumbu ina ɓarar gyaɗar iri, ta faɗi wani abin dariya, na wangale baki. Da na ɗaga ido, ga ƙadangare a jikin rumbun yana kallona.

Haƙorin da ke kusa da giɓin ya faɗi, sabo ya fito. Na ƙawayena duk suka fito, farare kamar sabuwar tsabar masara. Nawa shiru. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. A lekwal, makarantar bokonmu, aka sa mini suna ƙofar gari. Na daina shiga gaɗa, na daina amsa tambayar mushe, malamin ajinmu, ko na san amsa. Da la'asar sai in hau tudun bayan gonarmu in zauna ni kaɗai, ina kallon gero yana kaɗawa, ina tsara ranar bikina a raina: lalle, turare, mayafi mai ruwan zuma. Amma kullum in angon nan da ba shi da fuska ya ɗaga mayafin ya ce in yi murmushi, a nan mafarkin yake yankewa.

Kakata ta sha shafa mini toka da gishiri a dasashi. Ta karɓo rubutu. Takan tsokane ni don in saki rai.

“Ni da ke duk ƴan giɓi ne, ƙawata. Sai dai nawa ba ya jiran kowa.”

Ba na dariya. Ita ma daga baya ta daina, don ta ɗora wa kanta laifin zaunar da ni a gindin rumbu.

Mushe ne ya biyo ni gida wata rana, ya ce mata a Damagaram akwai na'urar da ke ganin abin da ke cikin ƙashi, radiyo ake ce mata. Kakata ba ta taɓa wuce Magariya ba. Amma da aka gama cirar gyaɗa ta ɗaure ƙullinta, muka hau amalanke, muka hau mota, muka sake hawa wata.

Ɗakin radiyon ƙarami ne mai sanyi, yana warin wani ruwa mai tsami. Wani dattijon lokotoro mai farar riga ya ce in cire abin hancina, ya lulluɓe ni da wata riga mai nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, ya ce dalma ce a cikinta. Ya saka mini ɗan abu mai faɗin yatsu biyu a bayan haƙoran sama, ya kawo bakin na'urar daidai hancina. Sannan ya ce kakata ta fita, shi ma ya nufi bayan bango.

Kakata ta tsaya cik.

“Malam, in abin nan ba ya cutarwa, kai ina za ka?”

“Iya, ita sau ɗaya hasken zai taɓa ta, kaɗan ne. Ni kuwa kullum ina nan, tun safe. In na tsaya kowane lokaci, taruwa zai yi a jikina.”

Ta dube shi ta dube ni, ta fita tana jan ƙafa. Ni kuma da na ga ƙofa ta rufe, ga ni ni kaɗai da ƙarfe a fuskata, sai na juya neman ta daidai lokacin da na'urar ta yi ƙara. Hoton ya fito hazo-hazo. Dattijon bai yi faɗa ba, amma ya ce ba ya son maimaitawa fiye da sau ɗaya. Ya roƙi kakata ta tsaya bayan ƙofa ta yi ta magana. Ta kuwa yi. Ta ba ni labarin yadda akuyarmu za ta cinye dangar maƙwabta kafin mu koma. Na kafe kamar turmi.

Da ya wanko hoton ya ɗaga shi a hasken taga. Ya ce farin wuri ƙashi ne da haƙori, baƙin wuri kuma nama ne ko fili. Can sama, a cikin duhun, ga haƙorina kwance, babba, ɗan karkace. A ƙarƙashinsa wani ɗan tsiron haƙori mai kama da ƙwayar shinkafa ya tare masa hanya.

Kakata ta daɗe tana kallo.

“Ashe yana nan,” ta ce a hankali. “Ashe duk shekarun nan yana nan.”

Lokotoro ya cire ɗan tsiron, ya ce mu ba shi watanni. Kakata ta roƙi hoton, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Duk matar da ta shigo gidanmu sai ta ɗaga mata shi a rana ta ce, “Zo ki ga haƙorin ƙawata, ya fi na ƴarki girma.”

Zazzaɓi ya ɗauke ta kafin ruwan fari. Haƙorin ya huda dasashi ana noman farko, a gidan baffana inda aka mai da ni. Na taɓa shi da harshe a bakin rijiya, na waiwaya, ban sami wanda zan nuna wa ba.

Yanzu ni nake lulluɓa wa yara rigar dalma. Ba a wanke hoto kuma, nan take yake bayyana a allon na'ura, ba abin da za a ƙulle a bakin zane. Iyaye sukan leƙa sau ɗaya su koma kan wayarsu. Gidanmu na ƙauye ya zama gonar wake.

Lokotoron da nake wa aiki ya sha ce mini in bari ya sa mini waya ya miƙar da haƙorin, tunda har yau a karkace yake. Kullum sai in ce masa sai an kwana biyu. Ban taɓa gaya masa ba cewa a haka kakata ta san shi.