Mai Cika-Ciki a Tashar Gumel

Daren cika-ciki ne, sabuwar shekara ta kama, ina tashar Gumel ina jiran motar zuwa garin Sule Tankarkar ta cika. A bencin mai gasa kaji ga wani mutum ya baje, shaddarsa fara fat, wayoyi biyu a kan cinya. Kaza guda ce a gabansa, yana yagar ta da hannu bibbiyu. Maiƙo na bin gemunsa yana ɗiga a wuyan riga. Tsakanin loma da loma yana yi wa mai kajin wa'azi: "Al'adar iyaye ce, malam. Wanda bai ƙoshi yau ba, da yunwa zai ƙare shekara."

Sai ga wata mata da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, silifas ɗinta duk ya cinye. Tana ganinsa ta washe baki. "Gudaji! Taubashina, yau na kama ka. Ina sharata?" Ɗan ihsanin nan take nufi da taubasai ke yi wa juna a wannan wata.

Ko ɗaga kai bai yi ba. "Zuliha, ki bar wannan bidi'ar. Zamani ya wuce nan."

Dariyar ta maƙale mata. Ta gyara gammo, ta wuce.

Ina jin a gidan kaka ɗaya suka tashi, kwano ɗaya suka ci. Ina kuma jin haka yake tankaɗe duk abin da ya gada: wanda zai shiga cikinsa al'ada ne, wanda zai fita daga hannunsa bidi'a.

Ya yi gyatsa, ya yi hamdala, ya ce a naɗe masa wata kazar.