Yadda Mai Walda Ya Sauka Saboda Jirgi

Mutumin da yara ke kira Kawu mai walda ne, shagonsa na jikin katangar gidanmu. Ba ɗan'uwana ba ne, kada a ce son kai ya sa na ɗauki biro. Haushi ne ya sa.

Shekara da shekaru shi ke kula da ƙungiyar matasan unguwarmu. Ranar Asabar yakan ture ƙarafa gefe ya goge teburin aikinsa, samari da 'yanmata su zauna a kan tsofaffin tayoyi su shirya fita daji. Su ke zaɓen inda za su, su raba wa juna ɗaukar ruwa da igiya da akwatin magani, su tambayi direbobi halin hanya. Shi kuwa yana gefe yana goge tabaransa na walda. Iyakarsa tambaya: "To, in ruwa ya ƙare fa?" Sai gardama ta kaure, shi ya bar su da ita.

Doka ɗaya gare shi wadda ba a taɓawa. Kowa da abokin tafiyarsa, kuma in an tsaya hutu ba ka faɗin halin da kake ciki, na abokinka za ka faɗa. Na taɓa ce masa, "Malam, wannan ai koya wa yara gulma ne." Ya yi dariya ya ce, "Maman yara, kin taɓa ganin saurayin da ya ce ya gaji a gaban 'yanmata?"

A fitarsu ta ƙarshe da shi, dutse suka nufa, 'yata suka zaɓa jagora. A cikinsu akwai yaron da suke kira Jirgi saboda sauri da cika baki, ɗan shugaban kwamitin iyaye. Abokin tafiyarsa wani siriri ne, Tsinke. Sun kusa kai sama aka tsaya hutu, magana ta zo kan Tsinke.

"Jirgi ya daina surutu," in ji shi. "Kuma ya daina gumi."

"Ƙarya yake, wannan mai wuyan kwalba!" Jirgi ya ce. "Ni da zan goya ka har sama?"

"Goya kanka tukuna. Leɓenka ya yi fari fat."

'Yata ta ce ta waiwaya ta dubi Kawu tana jiran ya yanke hukunci. Mutumin nan sai ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi. Ita ta ce a sauka. Aka kai Jirgi inuwa, aka jiƙa masa riga, aka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, suka gangaro a hankali ana ta yi mata tsaki. Kafin su iso mota yaron ya fara amai, ƙafa ba ta ɗaukarsa. A asibiti aka ce zafin rana ne ya buge shi, aka sallame shi. Daga baya na tambayi Kawu, da ta ce a ci gaba fa? Ya ce da ya buɗe baki.

Kowa ya dawo gidan ubansa lafiya. Na ɗauka godiya za a yi. Ina! Uban Jirgi ya kira taron iyaye, wai a cire Kawu. Wai an kunyata ɗansa, duk unguwa na cewa shi ya hana a kai sama. Wai babba yana tsaye yarinya na ba da umarni. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, da hoton ɗanka a kan dutse, da ɗanka a tsakar gida yana cin abinci, wanne ka fi so?" Aka ce in zauna, wai ban iya magana ba. Ban zauna ba. Da aka ɗaga hannu, yawancinmu muka ce Kawu ya ci gaba.

Uban ya ce to, muddin mai walda na nan, ɗansa ya bar ƙungiya.

Nan ne Kawu ya ba ni haushi fiye da kowa. Ranar Asabar sai a ga Jirgi yana wucewa ta gaban shago, ya rage tafiya, ya leƙa, in an kira shi ya ƙara sauri. Kawu ya kashe injinsa, ya wanke hannu, ya je ya sami uban ya ce masa, "Na sauka, a bar yaro ya dawo."

Na same shi a shago na zazzage masa. "Mun tsaya maka, ka watsa mana ƙasa a ido!"

Ya ture tabaran zuwa goshi ya ce, "Maman yara, ni na hau duwatsuna na gaji. In yaron nan ya tafi da wannan kunyar, gobe ko numfashi na ƙare masa ba zai yarda a tsaya saboda shi ba."

Har yau ban huce ba. Kwamiti ya kawo wani malamin motsa jiki, ba laifi, yana ƙoƙari. Jirgi ya koma cikin 'yan'uwansa. Uban yana yawo yana cewa ya gyara ƙungiya. In mun haɗu a hanya gaisuwa kawai nake amsa masa, ita ma a taƙaice.