Bushiyar da Hajiya ta so ta gasa

Jiya da safe na leƙa ɗan lambuna na bayan gida nan Sheme, sai na tarar da kakata Hajiya durƙushe, tana tura bushiya cikin kwano da sanda.

Bushiyar nan sati uku muna tare. Tun zuwanta gyare ya daina yanke mini dashen tumatir, ni kuma kullum ina ajiye mata ruwa a murfin galan.

Na ce, "Tsohuwa, ina za ki kai mini mai gadi?"

Ta ce, "Wuta. Namanta maganin ciwon gwiwa ne."

"Hajiya, wace gwiwar? Wadda kika tsallako dangata da ita?"

Ta harare ni. "Ja'iri! To mi take tsinana maka?"

Na nuna mata tumatirina, ganye shar. Na kuma nuna mata yakuwarta can tsallaken danga, wadda ƙwari suka mayar rariya. Ta dubi nan, ta dubi can, ta kife kwanon ta fice ba sallama.

Yau kuma sai ga ta da kwanon nan dai, amma an shimfiɗa tsumma a ciki, har da fara guda uku.

"Aronta na zo. Kwana biyu ta duba mani yakuwa."

"Gwiwar fa?"

"Gwiwa ta jira, miya ba ta jira."

Jama'a, ku ba ni shawara: in ba da aron mai gadi ga wadda jiya ta hura masa wuta?