Ranar da "Shi" Ya Zama "Ita" a Jarwal

Har gobe ranar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da na turo tsohon mutane a keke daga Jarwal har kusa da Harami, yana roƙona in sauke shi, ni kuma ina ba shi haƙuri. Ku sababbin shiga aikin nan ku saurara, don ba sakaci ne ya jawo ba. Kun san halina, ko ƙofa na kulle sai na dawo na sake taɓa ta.

Lokacin an gama aikin Hajji, alhazai sun fara komawa gida. Ina turin arabiyya a wani otal, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa ƙarfi a kai su ɗawafi. Tsarin aikin shi ne, mushrif, mai lura da mu, ya gaya maka wanda za ka ɗauka, ka jira shi a ƙasa bakin lif, ka kai shi, ka dawo da shi. Ba ma hawa ɗakunan baƙi. A irin kwanakin nan yawanci ɗawafin ban kwana ne, wanda alhaji ke yi dab da barin Makka. Baƙinmu mutanen Filifin ne, kuma a mazhabarsu wanda ya tafi bai yi shi ba yanka ya hau kansa. Ban da haka ma, tsoho idan ya tafi, wa ya san ko zai sake ganin Ka'aba?

Mushrif ɗinmu sunansa Nasir, shi ma ɗan Filifin ne, bai daɗe da zuwa ba, Larabcinsa bai nuna ba. Tunda ya ji na yi firamare a Kano ina ɗan tsintar Turanci, sai ya liƙe mini da shi. Ni kuwa abu guda na riƙe gam daga makaranta: "he" namiji ne, "she" mace ce. Na sha bulala a kansa, saboda "she" ɗin Bature a kunnen Bahaushe "shi" ne sak.

Da hantsi Nasir ya kira ni, ya ce da Turanci akwai mai tsufa da jiki ya hana ɗawafi sai yau, motarsu kuma za ta tashi zuwa Jidda bayan la'asar. Ya ce "he" yana saukowa.

Na ce, "He?"

Ya ce, "Yes, he, he. Yalla!"

Ya ɗauki waya yana magana da na sama da yarensu, Tagalog. Na ji yana cewa, "Bababa na? Bababa na." Na ce a raina, alhamdu lillahi, ga shaida ta biyu, har Baba ya ambata. Ya kashe waya ya tafi wajen kaya.

Lif ya buɗe, sai ga tsoho da farar hula da sanda, jakarsa da tutar ƙasarsu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, bismilla." Ya yi murmushi ya zauna. Ina jin ya zaci kara ce ta otal, zan kai shi bakin ƙofa. Da muka hau titi sai ya fara juyowa yana cewa, "Hindi, hindi po!"

Nan hankalina ya tashi. Mutum da tutar Filifin a jaka yana ce mini shi ɗan Hindu ne? Ko unguwar Hindawiyya yake so in kai shi? Na yanke cewa gajiya da tsufa ne suka rikita shi. Na ce, "Sabur, ya Hajji, yanzu za mu isa." Ya buga sanda a ƙasa, na ƙara sauri. Ga rana, ga askarawa a hanya, ni da ba ni da igama, takardar izinin zama, ga tsoho yana ɗaga murya. Duk wanda ya kalle mu sai gabana ya faɗi.

Har mun hango hasumiyoyin Harami waya ta yi ƙara. Nasir ne, yana ihu: "Isiyaku! She is waiting! She, she!"

A ruɗe nake, kunnena ya koma gida. Na ce da Hausa, "To ai shi ɗin ne! Shi ne a hannuna!"

Sai ya lalubo ɗan Larabcinsa: "Hurma! Hurma, ya Isiyaku!"

Mace. Na tsaya cak a tsakiyar hanya. Tsoho ya dube ni ya sake cewa, a hankali wannan karon, "Hindi."

Ban san yadda na hau tudun hanyar Jarwal na dawo otal ba. Na tarar da ita zaune kan jakarta, 'yar ƙaramar tsohuwa, carbi a hannu, hawaye na zuba. Na sauke Baba, na ɗora Hajiya, na sake fita cikin ranar nan. A sama muka yi ɗawafin, inda kekuna ke bi, zagayen da nisa, ina turi ina duban inuwa ina roƙon Allah ya riƙe la'asar. Da muka dawo motar tana kunne, Nasir ya sa ƙafa ɗaya a ƙofa yana rigima da direba. Hajiya ta shiga. Baban nan yana gefen taga, ya ɗago mini sanda yana dariya.

Da ƙura ta lafa na tsare Nasir. Na ce, "Malam, don girman Allah, na tambaye ka ko ban tambaye ka ba?"

Ya ce na tambaya. Wai a yarensu kalma ɗaya ce, "siya", namiji da mace duk ita ake ce musu. Turanci ne ya raba abin biyu, shi kuwa idan yana sauri duk wadda ta zo bakinsa ita yake jefawa. "Bababa na" kuma wai "yanzu za a sauko" ne, ba ruwansa da wani Baba. "Hindi" kuwa "a'a" ce. Ashe tun daga bakin otal bawan Allah a'a yake ce mini.

Na ce, "To ku a garinku, idan an ce siya, ta yaya kuke gane mace ce ko namiji?"

Ya kalle ni kamar ni ne mai abin mamaki. Ya ce, "Muna duban mutumin."

Na yi tsaki don haushi, na koma wajen kekena. Amma tun daga ranar ba na tura keke a kan "he" ko "she" na kowa. Sai na ce, "Hajji ko Hajiya?" Sai an nuna mini da hannu. Sai na haɗa ido da mai hawa na ga ya yarda. Kuma idan tsoho ya yi ta maimaita kalma yana buga sanda, ku tsaya, ko da wane yare ne, ba gaisuwa yake yi ba.

Nasir kuwa bai sauya ba. Makon jiya ya zo da murna yana gaya mini matarsa ta sauka lafiya. Na tambaye shi jikinta, ya ce "he" yana samun sauƙi. Abin da aka haifa kuwa ban ma tambaya ba, na bari sai ranar suna.