'Yan Gida da 'Yan Haya a Motar Yaya Sule

Ranar da za a yanke wa motar Yaya Sule hukunci, ga waɗanda ke wurin: ni ƙanwarsa Asabe, da babban ɗansa Habu, da matarsa Ladidi da ba ta daɗe da fita takaba ba, da Baba Wasiu mai gyaran wayoyin mota, abokin faɗansa na shekara da shekaru. Sai wani Alhaji Ado mai sayen tsofaffin ƙarafa a Ijora, wanda ya zo da tukunyar gas ta yankan ƙarfe ya girke a gabanmu, ko kunya babu. Magada sun riga sun gama magana: in motar ta tashi ranar, Habu ya ci gaba da ɗaukar goro da ita, in ta ƙi, Alhaji Ado ya yanka. Ita kuwa tun rasuwar mai ita ko tari ba ta yi ba.

Ku mutanen Agege kun san motar nan mai bodin katako, wadda ta girmi Habu nesa ba kusa ba. Kun kuma san Yaya ba ya karyawa sai ya ɗaga murfin inji ya gaisa da wayoyi. Waɗanda suka zo da ita daga kamfani, masu rigar zare kamar lagwanin fitila, su yake kira 'yan gida. Duk wayar roba da aka ƙara daga baya 'yar haya ce. 'Yan gida a shafa su a tambayi kwanansu, 'yan haya kuwa harara ce rabonsu. Mu da muke ciki ɗaya da shi ba mu taɓa samun irin wannan gaisuwa ba.

Ga tsimi. Yaya ba ya danna hon, wai kada ya ƙare. Sai ya zuro kai ta taga ya yi wa direbobin motocin haya na danfo ihu, ya ce maƙogwaro kyauta Allah ya ba shi. Sigina ma haka, hannu yake miƙawa. Wata rana a Mile 2 wani mai ba da hannu ya tsayar da shi, ya ce fitilar siginarsa ta mutu. Yaya ya kunna, ta ƙifta sau ɗaya, ya yi maza ya kashe.

“Ka ga tana aiki? To da a kowace kwana nake kunna ta, da yau ba ka sami abin gani ba.”

Mutumin ya ce ya wuce.

Da injin fetur ɗinta ya mutu murus, aka lallashe shi da ƙyar ya yarda a sa na dizal. Ranar aikin, Yaya ya ɗauki kujera da sanda ya zauna a bakin motar. Baba Wasiu ya ce sabon inji sai sabbin wayoyi, tsofaffin nan a cire su. Yaya ya ɗora sandar a kan filayarsa.

“Don an yi baƙo sai a kori masu gida? Taɓa ɗaya ka gani.”

Suka yini suna musu, Hausa ta ƙare aka koma Yarbanci. Daga ƙarshe Baba Wasiu ya ce ya ji, ya yi aikinsa, ya naɗe tsoho da sabo wuri ɗaya da baƙin salatif, mota ta tashi, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci.

To mu dawo ranar hukunci. Tun hantsi Baba Wasiu ke bin wayoyin robar da ya sa da hannunsa, har aka yi azahar, a murɗa makulli inji ya juya ya juya ya ƙi kamawa. Habu ya yi zuru-zuru, don ba shi da wata sana'a sai wannan. Alhaji Ado har ya fara zagaya motar yana ƙwanƙwasa ƙarfe da zobensa.

Baba Wasiu ya share gumi ya ce mini, “Iya, yanzu da ya tafi zan faɗa.” Wai tun ranar canjin inji tsofaffin wayoyin nan matattu ne. Ya bar su ne a maƙale don hankalin Yaya ya kwanta, komai a kan na roba yake tafiya. Yanzu zai datse masu zaren duka ya zubar, ya ga hanya sosai. Ya ɗauki filaya.

Na ce ya ajiye. Ni ban san waya ba, ban kuma taɓa cewa na sani ba, amma ina da ido. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Yaya kan ari wuƙar albasar Ladidi ya shige ƙarƙashin sitiyari, ya sa ni zama a bakin ƙofa in yi tari in na hango Baba Wasiu. Abin da yake yi ban sani ba. Amma na san Yaya ba zai ɓata farar rigar Juma'arsa a kan mataccen abu ba.

Baba Wasiu ya yi dariya, amma ya zaro ɗan ƙwan fitilar da yake gwaji da shi. Ya warware salatif, ya taɓa wayar roba, duhu. Ya taɓa wata, duhu. Ya taɓa mai zare, fitila ta kama. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk inda zare yake nan wuta take. Ashe Yaya ya bi a hankali ya mayar da kowane aiki hannun 'yan gida, ya bar na robar a naɗe don kada ran abokinsa ya ɓaci.

Baba Wasiu ya zauna daɓas a ƙasa, ya ce shekara nawa yana ba da labarin nan a shagonsa ana yi wa Sule dariya. Ladidi ta ce masa, “Ai shi ma marigayin haka yake ba da naka a wajen masu goro.”

Daga nan aiki bai daɗe ba. Akwai wata mai zare da a dā take kai wuta ga fulogi, wadda injin dizal ba shi da bukatarta. Yaya bai bar ta zaman banza ba, ya ba ta aikin buɗe wa inji mai. Ita ɓera ya ci a watannin da motar ke ajiye. Habu ya miƙo guntuwar wayar roba, Baba Wasiu ya ture hannunsa, ya jawo bakuna biyun mai zaren ya ɗaure su da juna. Aka murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi gurnani, hayaƙi ya cika layinmu, Habu ya kifa kai a kan sitiyari. Na ba Alhaji Ado goro na ce ya gaida mutanen Ijora.

Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya yafe masa taurin kansa da namu, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi gidan da ba a tashin kowa.

Yana raye bai taɓa bari na shiga motar nan ba, wai nauyina zai sha masa mai. Washegari da Habu ya fito zai yi lodi, ya tarar da ni a gidan gaba da mayafina da kwandona. Na ce masa ja mu tafi, Mile 12 za ni sayen tattasai.