Ranar da Aka Koya Mana Fushi da Turanci

Har in mutu ba zan manta da fuskokin nan ba, don su na fara gani da na shiga ajin. An yanko su daga mujallu an manna a bango, daga mai murmushi har zuwa wani mutum da ya wage baki, jijiyoyin wuyansa duk a waje. Duk inda ka zauna, kai suke kallo.

Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati ta turo Baba kwas Landan, muka sauka a Woolwich. Turancina bai kai ba, sai aka sa ni ajin koyon Turanci na bayan an tashi makaranta, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa inda bututun ɗumama ɗaki ke ta ƙwanƙwasa shi kaɗai. Sauran yaran duk 'yan Hong Kong ne, iyayensu na aikin gidajen abinci.

Malamarmu, wata doguwar Baturiya, ba ta yarda ka faɗi kalma kawai ba, sai ta gan ta a fuskarka. Makon nan kalmomin fushi muke yi. Da na gaya wa Mama, dariya ta yi ta ce, "Fushi ma sai an koya? Su zo su ga Babanki in an taɓa masa rediyo."

Amma abin ba na dariya ba ne ga yarinyar da muke benci ɗaya. Malama ta riga ta gargaɗe ta: in ta sake kasawa, makarantar yara masu jinkirin fahimta za a mayar da ita.

Wata rana a makon aka tsayar da ita. Malama ta ce, "Calm," wato natsuwa. Yarinyar ta saki fuska. "Annoyed," wato jin haushi. Sai ta yi murmushi. Malama ta buga tebur. "Furious! Fushi mai tsanani! Nuna mini!" Murmushin ya ƙara faɗi.

Malama ta ce, "Abin dariya na faɗa?"

Na waiga. Duk ajin murmushi suke, shiru, ba mai ƙifta ido, ba abin da ake ji sai bututun nan. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka hore mu in babba na faɗa, shi ya sa na ga hannun yarinyar a bayan siket ɗinta. Ta kafe farata a tafin hannu, jini na ɗiga a kan farar safarta.

Sai da na girma na gane cewa a gidajensu ba a ɗaure wa babba fuska; murmushi ake rufe ɓacin rai da shi, kamar yadda mu muke sunkuyar da kai. Tun daga nan ban ƙara yanke wa mutum hukunci da fuskarsa ba.

Malama ta juya ta nufi ƙofa za ta kira shugabar makaranta. Ni da ban taɓa buɗe baki a ajin ba sai an tambaye ni, na miƙe, na harhaɗa ɗan Turancina.

"Malama, don Allah ki bar fuskarta. Ki zo ki dubi hannunta."